Sabulun Aduwa Daga Gona Yake Farawa

 

An ce in yi magana kan kayan wanka da na shafawa waɗanda ba sa cutar da jiki, ba sa kuma cutar da ƙasa. A kantunan Turai da tsada ake sayen irinsu. Mu nan Agye da Gazawa da Gidan Rumji, a gonakinmu suke tsaye.

Wanda ya ga farin 1984 ya san yadda karkarar nan ta koma fili fetal. A shekarun nan ne Tony Rinaudo da manoman Maraɗi suka soma sassaben zamani: kututture ya yi toho, a zaɓi masu ƙarfi a bari, a rage sauran. Mutanen ƙauyen Ɗan Saga har kwamitin tsaron itace suka kafa. Yau ana ƙiyasta hekta miliyan 5 da suka farfaɗo a kudancin Nijar, da itatuwa wajen miliyan 200. Wato babban aikin an riga an yi shi.

Mu ɗauki aduwa. Mace za ta tsinto 'ya'yan da suka faɗo, ta jiƙa, ta wanke zaƙin, ta shanya, sannan ta zauna da dutse tana fasa ƙwallon ɗaya bayan ɗaya. Duk wahalar a nan take, har hannu ya yi kanta. Amma ƙwayar da ke ciki wajen kashi 40 cikin 100 mai ce, man da ake shafawa, ake kuma dafa sabulu da shi. A Damagaram, kamfanin Sahara Sahel Foods yana tatsar sa yana sayarwa. Ga kuma 'ya'yan bedi da muke sharewa mu ƙone, su ma mai ne a cikinsu. Ganyen magarya da lalle da soson da ke hawa danga kuwa, kakanninmu ba su jira kowa ya koya musu amfaninsu ba.

Sai dai zan ja kunne a kan abu biyu. Ɓawon aduwa yana kumfa, shi ya sa wasu ke sassaƙe shi. Idan aka zagaye gindin, itacen ya mutu ke nan, man baɗi ma ya tafi. Na biyu, soda. Masu haɗa sabulu da yawa da ido suke aunawa, kuma idan ta yi yawa sai ta ci fatar yaro. A auna da sikeli, sabulun da ba a dafa ba a bar shi ya kwana sati huɗu kafin a kai kasuwa. Sunan "na gargajiya" ba ya hana ƙuna.

Ina nacewa a kan inganci ne saboda 'ya'yanmu mata suna komawa ga man bilicin, wanda wani yake ɗauke da sinadarin makuri mai lalata ƙoda. Wa'azi kaɗai ba zai raba su da shi ba, sai sun ga namu ya yi kyau, ya yi ƙamshi, ya zo cikin mazubi mai tsabta.

Roƙona ga magadan gari shi ne su samar wa ƙungiyoyin mata injin fasa ƙwallo da sikeli. Malamanmu na Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankolodo ta Maraɗi kuma, don Allah ku karɓi sabulun matan nan ku gwada shi a ɗakin bincike, ku gaya musu abin da za su gyara.