Shaidar Likita Mai Zaman Kansa: Jawabi ga Iyalan Tsofaffin Sojoji

 

A cikinku akwai waɗanda 'ya'yansu ko ƙannensu suka tafi Amurka suka shiga aikin soja, domin dokar ƙasar ta yarda mai takardar zama ta dindindin ya sa kaki ko da bai zama ɗan ƙasa ba. Wasu sun gama aiki da ciwon baya, wasu da ƙarar kunne, wasu da firgita cikin barci. Maganarmu ta yau a kan haƙƙinsu ce.

Ma'aikatar kula da tsofaffin sojoji ta Amurka, wadda ake kira VA, tana biyan diyyar wata-wata ga wanda aikin soja ya jawo masa naƙasa ko ya tsananta masa wata cuta. Tana auna naƙasar daga kashi 0 zuwa kashi 100, goma-goma, kuɗin kuma na bin ma'aunin. Wanda ya komo Kano ko Maraɗi ko Kumasi da zama, haƙƙinsa bai faɗi ba.

Abubuwa uku ake nema. Na farko, likita ya tabbatar da cutar a yanzu. Na biyu, shaidar abin da ya faru lokacin aiki, ko rauni, ko rashin lafiya, ko shaƙar hayaƙi. Na uku, igiyar da ta ɗaure na farko da na biyu, kuma a nan ne mutane da dama kan yi tuntuɓe.

Ma'aikatar kan tura mai nema wurin likitan da ta zaɓa. Idan wannan likita ya ce babu alaƙa, magana ba ta ƙare ba. Tsohon soja yana da ikon kai takardunsa ga wani likita mai zaman kansa, ya biya daga aljihunsa, ya karɓi ra'ayinsa a rubuce. Ba a bukatar likitan ya rantse cewa lallai aikin ne sanadi. Ya isa ya nuna cewa yiwuwar hakan ta kai rabi, domin idan sikeli ya tsaya daidai wa daida, doka ta ce a rinjayar wa sojan.

Sai dai ku sani, hatimi da babban suna ba su ne nauyin takarda ba. A 2008 kotun ɗaukaka ƙara ta tsofaffin sojojin Amurka ta bayyana cewa darajar ra'ayin likita tana cikin hujjar da ya kafa. Saboda haka ku duba: likitan ya faɗi fannin da ya ƙware a kai? Ya karanta takardun asibiti na lokacin aiki da na bayansa? Ya bayyana dalla-dalla yadda wancan rauni ya haifi wannan ciwo? Takardar da ta rasa waɗannan, an yi asarar kuɗinta.

Kafin a kashe ko sisi, a yi tambaya. Dokar PACT ta 2022 ta ɗauka cewa wasu cututtukan huhu da wasu nau'o'in ciwon daji daga aiki suke ga waɗanda suka yi aiki a wurare irin su Iraƙi da Afganistan, inda aka riƙa ƙona shara a ramuka. Mai irin wannan cuta ba ya bukatar sayen shaidar alaƙa.

Idan an hana, tun 2019 hanyoyi uku ne: sabunta buƙata da sabuwar hujja, neman babban jami'i ya sake dubawa, ko kai ƙara gaban hukumar ɗaukaka ƙara. Hanya ta biyu ba ta karɓar sabuwar takarda, don haka mai riƙe da shaidar likita kada ya bi ta nan. A yi motsi cikin shekara guda da yanke hukunci, don kada a rasa kuɗin watannin baya.

Ku yi hattara da dillalan da ke alkawarin kashi 100. Ƙarya fure take, ba ta 'ya'ya, shaidar zur kuma laifi ce mai hukunci. Ƙungiyoyi irin su DAV da American Legion suna taimakawa wajen shigar da buƙata kyauta.

Ku ma iyali kuna da rawar takawa. Matar da ta ga mijinta ba ya barci, ko ɗan'uwan da ya ga ya daina ɗaukar kaya, za su iya rubuta abin da suka gani da idonsu, da lokacin da ya fara, kuma ana karɓarsa a matsayin shaida.

Ku kuwa da naku ke aiki a rundunonin ƙasashenmu, kamar na yankin Tafkin Chadi, dokokinku daban ne, amma darasin ɗaya ne. Ku adana katin asibiti, da hoton ƙashi, da takardar sallama, yadda kuke adana littafin bashi. Ranar lissafi, su ne za su yi magana.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya kai kowa gida lafiya.