NAƘASA BA TA RUFE ƘOFAR JAMI'A: JAWABI GA JAMA'AR KEANA DA SAURAN 'YAN ƘASA



Hausawa na cewa ilmi gishirin zaman duniya. Mutanen Keana, waɗanda kakanninsu Alago suka shahara da dafa gishiri tun zamanin dā, ba su bukatar a fassara musu wannan magana. Abin da ya rage shi ne a tambaya: shin yaron da ya makance, ko ya kurumce, ko yake tafiya a kan keke, yana samun rabonsa na ilmi har zuwa jami'a? Makasudin wannan jawabi shi ne a bayyana cewa doka ta ba shi wannan haƙƙi, an kuma share masa hanya, saura iyaye da makarantu su sauke nauyin da ke kansu.

Ilmin naƙasassu ba baƙon abu ba ne a wannan yanki. Tun 1953 aka buɗe makarantar yara makafi a Gindiri, cikin Jihar Filato, wadda daga jikinta aka yanke Jihar Nasarawa a 1996. A 1977 Gwamnatin Tarayya ta kafa kwaleji a Oyo musamman don horar da malaman da za su koyar da irin waɗannan yara. A watan Fabrairu na 2018 kuma Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe babbar makarantar naƙasassu a Lafiya, wadda gwamnatin Alhaji Umaru Tanko Al-Makura ta gina. Shi kansa Al-Makura yana da matsalar ji, amma wannan bai hana shi mulkin jihar shekara 8 ba, daga 2011 zuwa 2019.

A watan Janairu na 2019 aka sa hannu a kan dokar da ta haramta nuna wa naƙasassu bambanci. Dokar ta tabbatar musu da haƙƙin neman ilmi ba tare da wariya ba, ta kuma ce karatunsu kyauta ne har ƙarshen sakandare. Mutumin da ya nuna musu bambanci zai biya tarar naira 100,000, ko ɗaurin wata 6, ko duka biyu. Idan hukuma ce ko kamfani, tarar naira 1,000,000 ce. Har ila yau ta ba da wa'adin shekara 5 a gyara gine-ginen jama'a yadda naƙasasshe zai iya shiga, wa'adin kuwa ya cika a Janairu na 2024. Saboda haka zauren lacca da ba shi da mashiga sai matakala ya saɓa wa doka.

Mataki na farko yana gida ne. Jami'a ba ta karɓar ɗalibi sai da kiredit 5 a jarrabawar ƙarshen sakandare, ciki har da Turanci. Yaron da aka ɓoye a ƙuryar ɗaki don kunya, ko aka tura shi bara yana ɗan shekara 7, an rufe masa ƙofar jami'a tun kafin ya san da ita. Wajibi ne a sa shi makaranta a kan kari kamar sauran 'yan'uwansa, a kuma kula da 'ya'ya mata, domin su ne aka fi bari a baya.

Mataki na biyu shi ne jarrabawar shiga manyan makarantu. A 2017 hukumar JAMB ta kafa kwamiti a ƙarƙashin Farfesa Peter Okebukola don kula da makafi da sauran masu bukata ta musamman. Ana tara su a cibiyoyi na musamman a garuruwa irin su Abuja, Jos da Kano, a karanta musu tambayoyi, su amsa da rubutun makafi ko na'ura. Amma hukuma ba ta yin tanadi ga wanda ba ta san da shi ba. Lalle ne ɗalibi ya bayyana irin naƙasarsa lokacin cika takardar rajista. Ɓoye ta cutar kai ne.

Makarantun ma ba su da nisa. Akwai Jami'ar Tarayya ta Lafiya, wadda aka kafa a 2011, da Jami'ar Jiha a Keffi, da Kwalejin Ilmi ta Akwanga, da kwalejojin kimiyya da fasaha a Lafiya da Nasarawa. Wanda kuɗin makaranta ya gagare shi yana iya neman rance marar ruwa daga asusun NELFUND, wanda ya fara aiki a 2024.

Mataki na uku yana wuyan hukumomin makarantu, domin samun gurbi rabin tafiya ne. Kurman da ya zauna a aji babu tafinta mai maganar hannu, jikinsa ne kawai ya halarta. Makaho yana bukatar littattafai cikin rubutun makafi, ko kwamfuta mai karanta rubutu da murya, da ƙarin lokaci a jarrabawa, saboda karatu da yatsu ya fi na ido ɗaukar lokaci. Gurgu yana bukatar ɗakin kwana a ƙasa, da mashiga mai gangare, da makewayi mai faɗin ƙofa. Waɗansu gyare-gyaren ba su cin ko kwabo: a sauko da darasi daga bene, malami ya fuskanci aji idan yana magana, ya kuma riƙa furta abin da ya rubuta a allo. Ya kamata kowace makaranta ta keɓe ofis guda inda ɗalibi zai kai kukansa. Idan an ƙi saurarensa, yana da damar kai ƙara ga hukumar kula da naƙasassu ta ƙasa, wadda aka kafa a 2020.

Kada iyaye su yi zaton wahalar banza ce. Dokar nan ta umurci ma'aikatun gwamnati su ware wa naƙasassu aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aiki. Amma gurbin malami ko lauya ko akawu ba ya cikuwa sai da mai takardar shaida.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ana roƙon hakimai da dagatai da masu unguwanni su binciki gidajen da ke da irin waɗannan yara, limamai da fastoci su faɗakar, shugabannin makarantu kuma su taimaki ɗalibai wajen rajista tun kafin a rufe.

Allah ya taimaki Nijeriya. Wassalam.