Birkin Baya na Hannu a Baburan Masu Lalurar Ƙafa: Aikin da Aka Bar wa Mai Walda



Ranar 25 ga Agusta 2020 aka yi shelar cewa Afirka ta rabu da asalin ƙwayar cutar shan-inna, amma waɗanda cutar ta riga ta taɓa suna nan. A 2006 kaɗai ta shanye ƙafafun yara sama da 1,100 a Nijeriya, mafi yawansu a Arewa. A 2012, cikin 223 da suka kamu a duniya, 122 namu ne. Yaran 2006 yau samari ne da 'yan mata masu fita nema, kuma abin hawan da yawansu babur ne da aka ƙara wa tayoyi. Abin da nake son nunawa shi ne, birkin baya da ake mayar musu hannu shi ne wuri mafi haɗari a wannan gyara, kuma shi ne ba wanda ke dubawa.

A Boxer da Jincheng da roba-roba, ƙafar dama ke taka birkin baya, sandar ƙarfe ta ja ɗan hannun da ke buɗe takalman birki cikin gangar taya. An auna tsarin ne da ƙarfin ƙafa, yatsu kuwa ba su kai ƙafa ƙarfi ba. In makanike ya mayar da birkin hannu ya ƙara tsawon mariƙin don ya sami ƙarfi, tazarar da za a ja ta ƙaru, sai mariƙin ya taɓa kan babur birki bai gama kamawa ba. Wayar da za ta taso daga kai zuwa tayar baya doguwa ce, kowace lanƙwasa tana cin ƙarfi, ƙura na shiga, waya na miƙewa da amfani. Shi ya sa wasu masu walda ke kafa doguwar sanda a gefen tanki. Ƙarfi ya samu, amma sai direba ya saki kan babur kafin ya ja. Mai gudun kilomita 50 a awa yana cin kusan mita 14 a daƙiƙa ɗaya, kuma in gudu ya ninka biyu, nisan tsayawa ya ninka huɗu. Daƙiƙar da hannu ke lalubar sanda ta isa a take yaro.

Za a ce ai birkin gaba ne ke yin kusan kashi 70 cikin 100 na aikin tsayawa. Wannan lissafin babur mai taya biyu ne a kan kwalta. Wanda aka gyara ya ƙaru da ƙarafuna da tayoyi biyu a baya, sau da yawa ba birki a jikinsu, nauyi ya koma baya. A kan yashi tayar gaba na saurin ƙullewa ta zame. Akwai ma abin da ya fi wannan muni: in tayoyin gefe suka hau tudu ta tsakiya na kan kwari, tayar da ke da birkin sai ta yi sama, ba ta taka ƙasa. Mai lafiyar ƙafa zai dire ƙafa ya tare. Wannan direban ba shi da wannan damar.

Maganin ba sabo ba ne. Mick Doohan, ɗan tseren babur daga Ostireliya, ya karya ƙafar dama a wajen atisayen tseren Assen a 1992, aka haɗa masa birkin baya da ake dannawa da babban yatsa, ya ci gasar duniya sau 5 a jere daga 1994 zuwa 1998. Baburan da ba a sa musu giya tun daga kamfani birkinsu na baya a hannun hagu yake. Roba-roba ba ta da mariƙin kuloci, don haka hagun kanta a sake yake, ita ta fi dacewa da wannan aiki. Birki mai aiki da mai ya fi ƙarfi, sai dai yana buƙatar faifai a baya, kuɗinsa kuma ya fi ƙarfin yawancin masu buƙata.

Ina hukumomi? An sa hannu kan dokar hana wariya ga masu buƙata ta musamman a Janairun 2019, aka kafa musu hukuma a 2020, wa'adin shekara 5 da dokar ta bayar don gyara gine-gine ya cika a Janairun 2024. Duk da haka makaniken bakin titi da idonsa yake auna birkin da ran mutum ya rataya a kai, 'yan siyasa kuma na raba baburan a gaban kyamara. Masu tsoron cewa ƙa'ida za ta zama hanyar tatsar guragu a titi suna da hujja. To, a yi gwajin a wurin gyara, kyauta, alhakin ya hau kan wanda ya yi aikin. Hukumar kula da ingancin kaya (SON) da ta kiyaye haɗurran hanya (FRSC) su zauna da ƙungiyoyin masu lalurar da na makanikai su fitar da ƙa'ida da Hausa: mariƙin da yatsu za su kai hannu na kan babur, wayar birki ta asali maimakon ta kuloci, makullin riƙe babur a gangare, da nisan tsayawa da za a auna ɗauke da kaya kafin a miƙa mabuɗi.