Haruffa 22 da Na'ura: Abin da Kwamfuta Ta Gada daga Kabbalah da Abin da Ta Bari



Sunan da Yahudawa ke kiran ilminsu na baɗini da shi, wato Kabbalah, ba baƙo ba ne a kunnen Bahaushe kamar yadda ake zato. Saiwarsa ɗaya da ƙabulin da muke ji wurin ɗaurin aure, domin Ibrananci da Larabci 'yan ɗaki ɗaya ne. Ma'anarsa karɓa, wato abin da almajiri ya karɓa daga bakin malaminsa. A kan wannan suna zan kafa hujjata. Akwai masu cewa kwamfuta ta cika burin malaman Kabbalah, har za ta rage wa mai neman tsarkin zuciya nisan tafiya. Ni a ganina na'ura lissafinsu kaɗai ta gada, tarbiyyarsu kuwa tana nan inda ta same ta. Ba aƙidarsu na zo tabbatarwa ko rushewa ba, tarihinsu nake so mu auna zamaninmu da shi.

Kamannin da ake magana a kai gaskiya ne. Wani ɗan littafi daɗaɗɗe mai suna Sefer Yetzirah ya siffanta halittar duniya da haɗa haruffan Ibrananci 22. Ya gwama su biyu-biyu ya fitar da ƙofofi 231, ya kuma ƙirga cewa haruffa 7 suna jeruwa ta hanyoyi 5,040, lissafin da ɗalibin kimiyyar kwamfuta ke koya yau a shekararsa ta farko. Suna kuma da gematriya, inda kowane harafi ke da adadi, kamar hisabin abjadi da malamanmu ke ƙulla ramzin shekara da shi a ƙarshen waƙoƙin ajami. A wurinsu kalmar ƙauna da kalmar ɗaya duk 13 suke bayarwa, sai su ce akwai sirri a tsakani. Irin wannan kamanni ne ya sa a 1965, da Cibiyar Weizmann ta Rehobot ta ƙera sabuwar kwamfuta, Gershom Scholem, jagoran masu binciken Kabbalah a ƙarni na 20, ya ba da shawarar a raɗa mata suna Golem, sunan mutum-mutumin yumɓu da almara ta ce wani malamin birnin Farag ya rayar da haruffa.

To amma me ake nema da juya haruffan? Abraham Abulafiya, wanda aka haifa a Saragosa ta Sifen a 1240, shi ne gwanin wannan fanni. Yakan sa almajiri ya tsarkake jikinsa, ya keɓe da dare, ya riƙe alƙalami yana jujjuya haruffa, yana furta su da numfashi ƙidayayye da motsin kai, har tunaninsa na yau da kullum ya kwance. Jerin haruffan da ke kan takarda da asuba ba shi da wani amfani. Mutumin da ya kwana a kansa shi ake fata ya sauya. Wanda ya ce na'ura ta yi masa wannan aiki cikin daƙiƙa guda, kamar wanda ya ɗauki ɗan dako ne ya yi masa atisaye. An ma gwada. A 1994 wasu masu bincike uku daga Isra'ila suka wallafa a mujallar Statistical Science cewa kwamfuta ta gano sunayen malamai a ɓoye cikin littafin farko na Attaura, idan ana tsallake haruffa da tazara ɗaya. A 1999 Brendan McKay da abokan aikinsa suka rushe hujjar a wannan mujalla, kuma an nuna ana samun makamancin haka a fassarar Ibrananci ta wani ƙagaggen labari na Tolstoy. Rariya mai sauri takan tato abin da mai ita ya ga dama.

Mai ja da ni zai ce kukan tsofaffi ne kawai, an yi shi a kan na'urar ɗab'i ma. Yana da gaskiya har wani wuri. Littafin Zohar na malaman Kabbalah ya bayyana a Kastila a ƙarshen ƙarni na 13, kuma da aka zo buga shi a Mantuwa da Kiremona ta Italiya tsakanin 1558 da 1560, malamai sun yi ta jayayya ko ya halatta a baje sirri a kasuwa. Ɗab'in ya tsare littafin daga salwanta, kamar yadda a yau ɗakin karatu na intanet mai suna Sefaria ya sa shi a hannun kowa kyauta, Daniel Matt da abokansa kuma suka kammala fassara shi zuwa Turanci a mujalladi 12. Wannan alheri ne, mai musunsa ya so rigima. Sai dai a karanta tarihin har ƙarshe. A 1665 Shabbetai Zebi ya yi da'awar shi ne Almasihu, aka kafa masa hujja da harshen Kabbalah, jama'a daga Yaman har Amsterdam suka ruɗe, shekara guda bayan haka ya musulunta a hannun Daular Usmaniyya. Scholem ya ɗora alhakin a kan yaɗuwar koyarwar Kabbalah a tsakanin jama'a, ko da yake wani masanin, Moshe Idel, ya yi masa gardama. Ko ma wa ya fi gaskiya, malaman da suka taru a Brody a 1756 sun hana wanda bai kai shekara 40 ba karanta koyarwar malamin Kabbalah Ishaƙ Luriya. Abin dariya, shi Luriyan yana da 38 ya rasu a Safad a 1572. Dokar ta yi tsauri, amma ta gane cewa samun littafi daban, iya ɗaukarsa daban. Jan zaren da ake sayar wa taurarin Hollywood da sunan Kabbalah su ɗaura a hannu ya isa shaida.

Jayayya ta biyu ta fi nauyi. A cikin Talmud an ba da labarin malami Raba ya ƙera mutum ya aika wa Rabbi Zeira, shi kuma ya yi masa magana bai amsa ba, nan take ya gane ba ɗan Adam ba ne, ya mayar da shi turɓaya. Ma'aunin a nan magana ce. To ga shi na'urorin yau suna amsawa, suna ma iya tsara sharhin Zohar da lafazi mai daɗi. Ashe ba su cancanci kujerar malami ba? Amsata ita ce malamin Kabbalah ba da yawan amsa yake malami ba. Yana duban almajirinsa shekara da shekaru, ya san lokacin da zai ce masa dakata, kuma idan yaron ya ɓata shi za a tuhuma. Na'ura an gina ta ne ta amsa wa duk wanda ya tambaya, ba ta da sunan da zai zube.

Luriya ya koyar da cewa halitta ta fara ne da abin da ya kira tsimtsum, wato janyewa don a bar wa wani fili. Ga irin wannan janyewa a aikace: Yahudawa masu riƙon addini har yau suna ajiye waya na kimanin sa'a 25 kowane mako, daga faɗuwar rana ta Juma'a zuwa fitowar taurari ran Asabar, cikinsu har da injiniyoyin da ke ƙera ta. Ɗalibai, idan kun tashi nazarin wannan fanni ku yi amfani da na'ura wajen nemo nassi da gwada bugu da bugu, amma kada ku rubuta cewa kun fahimci abin da ba ku zauna gaban masaninsa kun karɓa ba.