Amsar Wasiƙunku: Yadda Ake Koya Wa Yaro Mai Jinkirin Magana Ware Abubuwa Iri-Iri

Wasiƙarmu ta yau ta fito ne daga wani manomi a Rangaza, ƙaramar hukumar Ungogo. Ya ce ɗansa ya cika shekara 3 amma kalmominsa ba su fi goma ba, kuma akuya da tunkiya da jaki duk "mee" yake ce musu. Maƙwabta sun ba shi shawara ya kai shi wurin wanzami. Yana tambaya, ina mafita?

To Malam, mun gode. Da farko dai, a bar batun aska. Yanke beli ba ya buɗe bakin yaro, sai dai ya jawo zubar jini ko ciwon tsinkau-tsinkau. Galibin yara kan faɗi kalmar farko wajen shekara 1, su haɗa kalma biyu, kamar "Inna ruwa", wajen shekara 2. Ɗanka ya wuce nan, saboda haka a fara auna jinsa, don wanda bai ji da kyau ba, da wuya ya faɗa daidai. Ƙyanda da ruwan kunne da sanƙarau duk suna taɓa ji. Mutanen Kano ba su manta da annobar sanƙarau ta 1996 ba, wadda ta bar yara da dama da kurumta. Akwai sashen kunne da hanci da maƙogwaro a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, akwai kuma Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa a Kaduna.

Sai kuma aikin gida. Masu horar da yara magana suna koya musu ware abubuwa iri-iri. Dalili kuwa, dubi kasuwar Dawanau: da a ce gero da wake da riɗi duk a cakuɗe suke, wa zai sami abin da ya zo nema? Haka kan yaro yake. In ya ajiye kalma kusa da 'yan uwanta, ya fi saurin tuno ta.

Mataki na farko, haɗa abu da irinsa: cokali da cokali, takalmi da ɗan'uwansa.

Na biyu, a ajiye kwano biyu, a ba shi albasa da cokula ya raba, ana faɗin sunan kowanne.

Na uku, a ba ƙungiyar suna. A turke a ce, "Akuya dabba ce, tunkiya ma dabba ce." A bakin rumbu, gero da dawa da masara hatsi ne. Fartanya da garma da lauje kayan noma ne.

Na huɗu, a jera tumatir da albasa da kuɓewa da hula, a ce, "Wanne ne ba ya shiga miya?" In ya nuna da yatsa, ya ci, ko bai furta ba.

Minti 10 sau biyu a rana ya isa, kuma kada a wuce mataki sai ya zauna masa. Ban da duka, ban da dariya. In ya ce "mee", a ce, "Ƙwarai, akuya ce." A yi da harshen da ake yi a gida, Hausa ko Fulatanci, don jin harshe biyu ba ya hana yaro magana. A kiyaye ba shi ƙwayar wake ko gyaɗa, kada ya cusa a hanci ko ya shaƙe.

Uwa da yayye su sa hannu, amma wannan wasa bai ɗauke zuwa asibiti ba, kuma sammako ya fi. Allah ya buɗe bakinsa, ya raya mana su. Sai mako mai zuwa, a huta lafiya.