Jawabin Karɓar Sabon Malamin Islamiyya a Sabo, Ibadan

 

  

Kwamitin makaranta ne ya ɗora mana wannan magana, mu kuwa 'yan kasuwa ne, jawabi ba sana'armu ba ce, saboda haka a yi mana afuwa. Mun taru ne don mu yi wa sabon malaminmu barka da zuwa. To amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Shi ne malami na uku da muka ɗauko daga Arewa. Na farko ya yi wata bakwai, na biyu ya tafi gida Babbar Sallah bai dawo ba, sai saƙo ya aiko a haɗa masa littattafansa. Da muka zauna muka bincika, sai muka ga galibin laifin namu ne.

Malam, bari mu faɗa maka abin da za ka tarar, don kada ya zo maka ba zato. Damina a nan tana sauka tun wajen watan Maris, ba ta ɗaukewa sai ƙarshen Oktoba. Za ka shanya riga ta kwana biyu ba ta bushe ba, littafi ma in ka jingina shi da bango sai ya yi fumfuna. Sauro kuwa ba ya hutu, ka riƙe gidan sauro da kyau, zazzaɓi ne ya fara karya wa malaminmu na farko gwiwa. Batun abinci da sauƙi, a cikin Sabo akwai tuwo da miyar kuka, akwai fura. Amala da miyar ewedu kuwa, mu ma da farko kallonsu muke yi, yanzu wasunmu har nema suke.

Abin da ya fi waɗannan nauyi shi ne yaran. Za ka yi wa yaro tambaya da Hausa ya amsa maka da Yarbanci, ko ya gauraya da Turancin kasuwa. Kada ka ɗauka raini ne. A nan aka haife su, da yawansu ma iyayensu mata Yarbawa ne, da safe kuma makarantar boko suke tare da 'ya'yan gari. Akwai kuma 'ya'yan maƙwabtanmu Yarbawa Musulmi da ke zuwa ɗaukar karatu. Su za su kira ka Alfa, haka suke ce wa malami. Yaro namiji zai kwanta rubda ciki ya gaishe ka, mace ta durƙusa. Malaminmu na biyu ranar da ya fara ganin haka sai ya daka wa yaron tsawa a gaban aji. Uban yaron ya ji zafi, ya janye 'ya'yansa uku, har yau ba su dawo ba. In kana ganin akwai gyara a cikin irin wannan gaisuwa, ilminka ya fi namu, amma ka bari ku saba, sa'an nan ka yi bayani a hankali. Ka kuma koyi gaisuwarsu ko da kalma biyar ce, za ka ga yadda fuska ke sakewa.

Sai batun lokaci. A makarantun allo na gida an saba hutun Alhamis da Juma'a. A nan Asabar da Lahadi su ne ranakun da muke samun yara da safe, sauran ranaku sai bayan La'asar, sun dawo daga boko a gajiye. Wasu kuma sun fara karatu wajen kakanninsu da ruwayar Warshu, a Islamiyya kuma Hafsu ake yi, kada ka yi saurin cewa yaro ya yi kure. Burinmu dai yaro ya gyara Fatiharsa, ya san Ahalari da Ishmawi, ya iya rubuta wa kakarsa wasiƙa da Hausa.

Yanzu sai mu juyo kanmu, iyaye. Tun 1916 aka kafa Sabo. Abin da ya riƙe cinikin goro da na shanu a wannan unguwa shi ne al'adar mai gida. Falke ya sauka, mai gida ya ba shi ɗaki, ya ciyar da shi, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa in an ci bashinsa. Mai kawo shanu mun yi masa haka, amma mai kawo wa 'ya'yanmu karatu mun ajiye shi a ɗakin da ke yoyo, albashinsa ya kai tsakiyar wata bai fito ba, ya kwanta ciwo kwana huɗu ba wanda ya leƙa. Wallahi da kunya. Mutum ya baro iyalinsa, ya yi tafiyar yini da kwana, da wa zai yi hira bayan sallar Isha'i?

Saboda haka kwamiti ya yanke cewa Malam zai samu mai gida tsayayye daga cikinmu, wanda zai zaga da shi Mokola da Dugbe da Bodija, ya nuna masa asibiti da tasha. An biya kuɗin ɗakinsa na shekara, an gyara kwanon. Albashi zai fita ranar ƙarshen wata, ko iyaye sun kammala biya ko ba su kammala ba, mu 'yan kwamiti za mu cike, daga baya mu bi masu bashi shago shago. In Allah ya kai mu bayan wata shida, za a taimaka ya ɗauko iyalinsa. Kuma don Allah wanda ke da ƙorafi a kan duka ko karatu ya kawo wa kwamiti, kada uwa ta je ƙofar aji tana ɗaga murya.

Masu alkawarin benci da allo su ga ma'aji bayan sallar Juma'a. Malam zai fara karatu ranar Asabar da ƙarfe takwas, a turo yara da wuri.

Allah ya ba Malam lafiya da haƙurin zama da mu.