Tsakanin Shayin Rage Ƙiba da Maganin Sha-Ka-Fashe

Tun da aka kafa Jami'ar Tarayya a Dutsin-Ma a 2011, garin ya cika da matasa, kuma zancen jiki ya zama ruwan dare. Wata budurwa tana ƙauracewa tuwo don ta rame, ko ta ci ta tilasta wa kanta amai. Wata a Kurfi kuwa, da biki ya matso, sai a ba ta ƙwayar sha-ka-fashe don ta cika ido.

Likitoci suna ɗaukar ƙin cin abinci da gangan, da yawan ci da amai, a matsayin ciwo na ƙwaƙwalwa da jiki. Magani yake buƙata, tsawa ba ta warkar da shi.

Wadda ta daɗe tana hana kanta abinci ba a ɗura mata kwano cike lokaci guda. Idan abinci ya shiga da yawa kwatsam, sinadarin fosfet na jini yana iya faɗuwa har zuciya ta rikice. Sannu a hankali ake ƙarawa: kunu, fura da nono, wake, ƙwai, a kan lokaci, ƙarƙashin kulawar likita. Sikeli kuma a bar shi a asibiti.

A ɓangaren sha-ka-fashe kuwa, ƙwayar dexamethasone, da wasu ke sha don ƙiba, kumburi take kawowa, tare da hawan jini da ciwon suga, kuma barinta kwatsam yana da haɗari.

Iyaye, duk 'yar da al'adarta ta ɗauke ko take yawan jiri, a kai ta babban asibitin Dutsin-Ma ko Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina.